Tuwon Rogo a Kashi na Shida

Littafi ɗaya muke da shi, mu arba'in da uku. Ba ɗaya ga kowane benci ba, ɗaya tal ga ajin gaba ɗaya, kuma shi ne labarin da aka ɗora wa 'yan aji huɗu a jarrabawar fita. Tsohon littafi ne, tun iyayenmu suna yara ake ji da shi a ƙasar nan. Malam Longwe ya yi masa abin da ake yi wa kowane littafi a makarantarmu: ya sa reza ya tsaga shi gida shida, ya ɗinke kowane kashi da zaren koma, ya yi masa bango da takardar buhun siminti. Kashi ya kwana biyu a hannunka, ka miƙa wa na bayanka. Mai sa'a ne yake farawa da na ɗaya. Ƙawata Mwiza da na huɗu ta fara, ta yi sati uku tana makokin wata tsohuwa da ba ta san ko wace ce ba.

Ni Tawonga tun ina ƙarama aka san ni da rashin yarda. Ko ƙwai Mama ta aike ni saye, sai na girgiza shi a kunne a gaban mai shi. Ana ce mini zato zunubi, to, amma ban taɓa kawo ruɓaɓɓen ƙwai gida ba. A waccan shekarar kuma ina da dalilin da ya wuce hali. Littafin yana cikin darasin Turanci, wanda ya faɗi Turanci kuwa ba shi da takarda ko da ya cinye sauran darussa. Haka ta faru ga yayana Suzgo shekara biyu kafin ni. Lissafi ya ci, kimiyya ya ci, Turanci ya kayar da shi, ya tattara ya bi mota zuwa Joni, babban birnin nan na can ƙasar kudu da mazanmu ke zuwa ci-rani, yana ba wa furannin mutane ruwa. Ni makarantar koyon jinya ta Mzuzu nake so, kuma na rantse ramin da ya haɗiye Suzgo ba zai haɗiye ni ba.

Na yi sa'a, na samu kashi na ɗaya da fari. Labarin wani Yotamu ne, mutumin ƙasar tudu, can inda ba su san komai ba sai masara. Ya auri Esinati, ba a yi wata shida ba ya ce zai tafi haƙar ma'adinai a Joni, shekara biyu kacal ya dawo. Tun a shafi na tara na ƙi jininsa. Namijin da zai rantse sau uku kafin ya hau mota, ai ya san abin da ya taka. Na gaya wa Mwiza haka, ta ce, "Ke dai ko a littafi ba a tsira daga bakinki ba."

A kashi na uku haushina ya koma kan marubucin. Mutumin nan ba ya ba kowa komai kyauta. Ɗan Esinati ya kwanta ciwo, ina jiran a yi ta jinya ana addu'a, sai kawai ya kashe shi a rabin layi, ya wuce yana ba da labarin rumbun da ruwa ya shiga. Na yi jifa da kashin, zaren ya kusa tsinkewa. Da na huce na ɗauko na sake karantawa, sai na ga ai haka mutuwa take yi a gidajenmu, ba ta sallama, kuma rumbun dole a gyara shi. Daga ranar na yarda da shi. Shi ne mutum na farko da na yarda da shi ban taɓa ganin idonsa ba, don na lura bai damu ko na so shi ba.

Kashi na biyar ya ƙare da Yotamu tsaye a tasha, shekara goma sha ɗaya da barin gida, wasiƙar Esinati a aljihunsa, mota tana lodi. A tsakiyar jimla ma takardar ta yanke. Na yi kwana huɗu ina bin wanda ke riƙe da na shida kamar kaza tana bin mai tsaba.

Kashi na shida ba bugun inji ba ne. Littafin rubutu ne, cike da rubutun Malam Longwe da shuɗin biro, tsaf, ba gogewa ko ɗaya. Kowa ya san dalili, don shi da kansa yake faɗa wa kowane sabon aji: gara ce ta shiga akwatinsa ta fara cin ƙarshen littafin, ya yi maza ya kwafe kafin ta gama. Har yabonsa ake yi a kan haka.

A gindin mangwaron gidanmu na karanta shi da la'asar, Mama tana gefe tana ɓare rogon da ta jiƙa. Yotamu ya hau motar. Ya iso ƙauye da keken ɗinki ɗaure a kan kaya, ya durƙusa a gaban Esinati yana kuka, ita ma tana kuka, maƙwabta suna guɗa. Ina karantawa ina juya wa Mama da harshenmu, ta share ido da bayan hannu ta ce, "Kin gani ko? Suna dawowa." Ni ma sai da na share nawa, ba zan yi ƙarya ba.

Amma wani abu ya tsaya mini a rai. Mutumin da ya kashe yaro a rabin layi, yaushe ya koyi ba da shafi uku ga kuka? Na koma farko na bi a hankali, sai ga ta nan, kalma ɗaya tsirara a tsakiyar Turanci. Esinati ta shiga madafa ta tuƙa wa mijinta kondowole, tuwon rogonmu, ta haɗa masa da usipa, ƙananan kifin nan da muke shanyawa a kan tarago.

Na dubi kwandon rogon Mama, na dubi takardar. Mutanen tudu! Su da in suka sauko bakin tafki inda muke zaune suke toshe hanci, suna ce mana masu cin danƙo. Matar tudu ta tarbi mijin da ya yi shekara goma sha ɗaya da tuwon rogo? Kuma a ina ta samu usipa, alhali a kashi na biyu an ce tafki tafiyar kwana uku ne daga garinsu? Ruwa ba ya tsami banza.

Sati guda na yi ina farautar sauran kasoshin, wannan in roƙe shi, wancan in yi masa sharar aji. Na bi duk inda aka ci abinci a littafin. Masara, masara, kabewa, wake, masara. Rogo ko sau ɗaya bai fito ba.

"To sai me?" in ji Mwiza, muna hanyar gida. "Wataƙila masararta ta ƙare."

"An yi girbi a shafin da ya gabata."

"Wataƙila shi ya ce yana marmari."

"Ya taɓa ci ne da zai yi marmari?"

Ta tsaya ta kama ƙugu. "Ke Tawonga, in aka kai ki aljanna sai kin ƙwanƙwasa bangon kin ji ko na laka ne. Mutum ya dawo wa matarsa, kowa ya ji daɗi, ke tukunya kika leƙa. Malam fa dattijon coci ne. Ki rufa mana asiri."

Ban rufa ba. Ranar Talata da Malam Longwe ya gama bayani a kan darasin yafiya da ke ƙarshen labarin, na ɗaga hannu. Shi ba ya kiran mu mata da sunan yanka, sai da sunan gidan ubanninmu, don haka ya ce, "NyaManda, muna jin ki."

"Malam, me ya sa Esinati ta tuƙa kondowole, alhali ita 'yar tudu ce?"

Aji ya fashe da dariya. Shi ma ya yi, ya ce, "Matar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana jira, ko tsakuwa ta dafa ai mijin zai ce a ƙaro." Aka sake kwashewa. Ni dai hannunsa nake kallo. Yana ta kakkaɓe alli daga tafin da babu alli a jikinsa.

"Malam, ragowar takardun da garar ta ci, suna nan?"

Dariyar ta ɗauke. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ya ƙone su, ko so nake ya ajiye gara a ɗakinsa ta cinye sauran? Sannan ya ƙara abin da har yau ban manta ba. Ya ce, "'Yan gidanku kun iya gardama. Da yayanki ya zauna ya karanta abin da aka ba shi, da ba ya can yana wanke wa karnukan mutane kwano. Lalaci ne ya kayar da shi, ke kuma surutu zai kayar da ke."

Na zauna kunnuwana suna zafi. Na san Suzgo. A gabana ya haddace kashi na shida, yana zagaya mangwaron nan yana maimaitawa har Mama ta ce ya ishe ta. Ana iya kiransa komai, ban da malalaci.

Daga nan zuciyata ta shiga saƙe-saƙe. Na ce ko Malam ya ɓoye ƙarshen gaskiya ne yana koya wa 'ya'yan manyan coci a gida. Akwai 'yar ƙanwarsa a ajinmu, na yi kwana uku ina lallaɓa ta, har na samu na leƙa littafin rubutunta lokacin tara. Keken ɗinki, kuka, yafiya, daidai da namu. Wannan ya ƙara rikita ni. Wa zai cuci 'yar ƙanwarsa? Saura sati biyar jarrabawa, na rasa abin da zan haddace, na rasa abin da zan zubar. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci.

Gani ya kori ji. 'Yar gwaggona Fiskani tana makarantar kwana ta 'yan mata a kan dutse, ta mishan, inda aka ce kowace yarinya da littafinta. Ranar Asabar da safe na roƙi direban motar kifi ya ɗora ni a baya, na isa ina wari har mai gadi ya matsa gefe. Fiskani ta fito da littafin a ƙarƙashin rigar sanyi. Ban taɓa ganinsa cikakke ba, ashe ɗan siriri ne.

"Da hatimin makaranta a jikinsa," in ji ta. "Gobe kafin ƙararrawar cin abincin yamma ake dubawa. In ba ya kan gadona, kora ce. Ki rantse da kabarin Kaka."

Na rantse.

A bakin titi na buɗe shi, ina jiran motar komawa. Na nemo inda kashi na biyar ya yanke, na ga sauran jimlar, na ci gaba. Shafi goma sha huɗu ne. Yotamu bai hau motar ba. Ya tsaya har ta cika ta tashi, ya juya ya koma ɗakin da yake haya, inda wata mace take masa wanki. Babu keken ɗinki. Babu kuka ko ɗigo. Babi na ƙarshe Esinati ce take dakan masara, ta ji ƙarar mota a kan hanya, irin ƙarar da take fita da gudu dominta shekara goma sha ɗaya. Motar ta wuce, ita kuwa ba ta ɗaga kai ba. Nan littafin ya tsaya.

Abin da na fara ji daɗi ne, in faɗi gaskiya. Na kama Malam! Har na buga cinya ni kaɗai a bakin titi. Daɗin bai kai minti biyu ba. Na tuna Suzgo a ɗakin jarrabawa, ya gyara zama, yana rubuta wa mai dubawa shafi biyu a kan keken ɗinki da yafiya, da kyakkyawan rubutunsa. Mai dubawa kuwa zai ce wannan yaro bai ko buɗe littafin ba. Na zauna a kan dutse, motoci biyu suka wuce ban tsayar ba.

Lahadi bayan an taso daga coci na tafi gidan Malam Longwe. Na same shi a baranda, bai ko cire kwat ɗinsa ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗora littafin a kan gwiwarsa, a buɗe a daidai wurin.

Ya karanta. Ina durƙushe ina kallon fuskarsa, don na zo da shirin kama ƙarya. Da ya kai shafi na uku ya koma baya ya sake. Da ya gama ya rufe ya duba bango.

"Sabon bugu ne wannan. Sun canza shi."

"Duba shekarar, Malam. Ɗaya ce da namu. Na duba."

Ya duba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Matarsa ta leƙo ta ce abinci ya sauka, ta koma.

"Babu gara," in ji shi can, ba ni yake kallo ba. "Haka ya zo a cikin kwalin littattafan da aka ba mu, ba ƙarshe. Na rubuta a aiko da wani, shiru. Yara suna jira. Ni kuwa na karanta shi a kwaleji, shekara ashirin da tara ke nan, a zama ɗaya, na san shi kamar yunwar cikina. Sai na zauna na rubuta abin da na tuna. Na ji kunyar in ce daga kai na rubuta, shi ya sa na ɗora wa gara." Ya juyo gare ni. "NyaManda, na rantse miki ya dawo. Ina ganin keken ɗinkin nan a kan motar, an ɗaure shi da igiyar roba. Ina ganinsa yanzu haka."

Na bincike fuskar nan tas, ban samu ƙarya ba. Da na samu da ya fi mini sauƙi. Na zo da maganganu cike da baki, na tsara su tun a motar kifi, sai ga shi ɗaya ce kawai ta fito.

"Ka ce Suzgo malalaci ne."

"Na ce."

"A gaban aji."

"Na ce. Su talatin da takwas ne ajinsu. Na bara arba'in da ɗaya. Duk na ce musu haka, na gaya wa iyayensu ma." Ya shafa bangon littafin da yatsa. "Bar mini shi zuwa gobe, 'yata. In kwafe shi a natse."

"A'a, Malam."

Ya ɗago. Ina jin ba a taɓa ce masa a'a daga durƙushe ba. Na gaya masa maganar Fiskani da ƙararrawa, gaskiya ce kuma. Amma ni da shi mun san ko babu Fiskani ba zan bar shi shi kaɗai da biro da wannan littafin ba. Mutumin da ya yarda da kansa haka ya fi maƙaryaci haɗari, don shi ba ya ma sanin lokacin da hannunsa ya kauce.

Bai yi musu ba. Ya shiga ya fito da sabon littafin rubutu da ƙaramin tebur, ya ce in tashi in hau kujera. Ya fara kwafa, ni kuma na ɗora yatsa a kan layi ina bi, ido ɗaya a bugun inji, ɗaya a bakin bironsa. Shi ne fa malamin da ya shekara huɗu yana zagaya bencina yana leƙa ko ina satar amsa. Sau biyu ya tsallake kalma, na nuna masa. Sau ɗaya ya rubuta cewa Yotamu ya juya da baƙin ciki, na ce, "Malam, babu baƙin ciki a nan. Ya juya kawai." Ya soke, ya ce na gode. Kunya ta kama ni kamar in nutse, amma ban ɗauke yatsana ba.

Inuwar baranda ta tashi daga ƙafafunmu ta koma tsakar gida. Abincin ya huce a ciki, ba wanda ya sake maganarsa. Wajen ƙarfe uku da rabi ya iso shafin ƙarshe. Hannunsa ya gaji, rubutun ya fara kwanciya. Ya rubuta dakan masara, ya rubuta ƙarar mota, ya rubuta cewa ba ta ɗaga kai ba. Sai ya sauko da biro layi na gaba, ya tsaya yana jira in matsar da yatsa.

"Ya ƙare, Malam."

"Juya mu gani."

Na juya masa. Farar takarda ce, sai hatimin makarantar su Fiskani. Ya daɗe yana kallonta kafin ya rufe biron.

"Gobe ni zan karanta musu da bakina," in ji shi. "Zan gaya musu wanda ya rubuta wancan. Ke za ki ci jarrabawarki, NyaManda, sati biyar ya isa." Na ɗauki littafin na sa a cikin zane, na durƙusa zan yi sallama, don motar ƙarfe huɗu ba ta jiran kowa. Sai ya yago takarda daga bayan littafin rubutun, ya sake buɗe biron.

"Ba ni adireshin yayanki. Ni zan rubuta masa. Ya dawo ya sake zama, ni zan koya masa, ko a barandar nan ne."

Na faɗa masa adireshin, lambar gida da sunan titi, ya rubuta a hankali, ya karanta mini na ce daidai ne. Sannan na gaya masa sauran, abin da na ɓoye wa Mama tun watan Maris, don ni nake zuwa gidan waya. Wasiƙa biyu muka aika wannan adireshin, duka an dawo da su ba a buɗe ba.